Takwara Biyu, Kati Ɗaya

"Ni ba zama na zo yi ba," in ji Inna Murja, ta sa ƙafa ta ture kujerar robar da aka turo mata. "Wanda ya kashe mini jika da ranta nake nema. A fito mini da shi."

Ofishin katin ɗalibai ya yi tsit, in ban da fankar da ke kukan wahala a sama. Ɗalibai sun fi ashirin a layi, kowa ya juyo yana kallon tsohuwar da ta tsallake su ba ko sannu, mayafinta ya zame a kafaɗa, tana ƙanshin man gyaɗa. Jikarta Ummi na bayanta, ta sunkuyar da kai kamar ita ce mai laifin.

Tun hantsi Inna Murja ta baro Zango. Tunkuza ta bari a turmi, ba ta gama matse mai ba, ta shiga motar Daura. Jiya ne yarinyar ta koma gida idanu jajur. Kwalejin ta zaɓi ɗalibai goma da za su tafi Damagaram musayar karatu na wata huɗu, su gogu da Faransanci a bakin masu shi, kuma Ummi ce ta ɗaya a ajinsu. Amma da aka zo rabon sabon kati, irin wanda ake karawa a ƙofa ta buɗe, wanda da shi za a tsallaka iyakar Kongolam, da shi kuma makarantar can za ta karɓi mutum, sai aka ce mata babu ita. Ba wai katinta ya yi jinkiri ba. Ita ce babu.

Ma'aikacin da ke bayan kwamfuta, wani Malam Jibril mai tabarau, ya cire abin da ya toshe kunnensa da shi.

"Iya, ba wanda ya kashe kowa. Sabuwar na'ura ce ta tace sunaye."

"Tace? Gasara ce jikar tawa?"

Wani a layi ya yi dariya, ta waiga ta watsa masa harara, dariyar ta maƙale.

Malam Jibril ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta. Inna Murja ba ta san ko alif ba a boko, rubutun duk tafiyar tururuwa ne a wurinta. Amma hoto ba ya buƙatar malami.

"Wannan ai Yasmin ce, 'yar wajen ɗana Saminu."

"Yawwa. Mene ne sunanta na yanka?"

"Takwarata ce."

"Wannan da ke bayanki fa?"

"Ita ma takwarata ce. 'Ya'yana maza biyu, kowa ya haifi mace ya mayar mini da sunana. Laifi ne?"

"To kin ga inda gizo ke saƙar." Ya fara lanƙwasa yatsu. "Murjanatu, Murjanatu. Sha'aban, Sha'aban. Zango, Zango. Ranar haihuwa, ɗaya ga Janairu, su duka. Aji ɗaya, sashe ɗaya. Lambar wayar wanda za a kira in wani abu ya faru, ita ma ɗaya. Na'ura ta ga haka ta ce mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ta haɗe su."

Kowace yatsa ya lanƙwasa, Inna Murja ta san daga inda ta fito, abin da ya ƙara mata takaici ke nan. Marigayi mai gidanta, Sha'aban, ne ya ɗora jikokin biyu a keke ɗaya ya kai su firamare rana ɗaya. Hedimasta ya ce 'ya'yan wa, ya ce nawa, aka rubuta sunansa. Takardar shekaru kuwa Saminu ne ya je ya yo musu lokacin jarrabawa, akawu ya zabga musu ɗaya ga Janairu kamar yadda ya zabga wa rabin ƙasar Zango. Waya kuma tata ce, 'yar ƙarama mai tocila, da ke ƙulle a bakin zaninta yanzu haka.

"Kai yaro, saurara," ta ce, ta dafa teburin da hannu biyu. "Wannan ranar kasuwa aka haife ta, ana yankan gero. Waccan sai da bazara ta kama, har rijiyar unguwa ta ƙafe. Wata bakwai ne tsakaninsu, ni na yanke musu cibiya. Wannan baƙa ce mai wushirya, waccan fara ce mai kumatu. Makaho ma in suka yi sallama zai raba su."

"Na'ura ba ta duba wushirya, Iya. Wadda ta fara dangwala yatsu ita ta riƙe. Yasmin ta zo da safe. Ita wannan..."

"Da na zo sabis ya ɗauke," Ummi ta faɗa a hankali. "Kuka ce in dawo. Da na dawo kuka ce ai an riga an ɗauke ni."

"To ai na'ura ce ta nuna haka."

"Kai kuma idonka na mene ne?" in ji Inna Murja. "Na ado ne? Har da gilashi ka ƙara masa."

Malam Jibril ya gyara tabarau. Ya jawo wata takarda kamar zai rubuta wani abu.

"Uban wannan ɗin, mene ne sunansa?"

Nan bakin da tun shigowa bai huta ba ya rufe. Inna Murja ta juya tana kallon bango, inda aka manna hoton wata yarinya tana murmushi da kati a wuya. Uban Ummi ɗanta ne na fari. Shekara arba'in da wani abu sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Yana yaro ta kira shi "kai", da ya girma ta ce "yaron nan", ko "yayan Saminu". Ranar da motar shanu ta kife da shi a hanyar Kongolam, Ummi tana rarrafe, mata suna kuka suna kiran sunansa, ita abin da ta ce kawai shi ne, "Yaron nan ya riga ni." Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka kakarta.

Ummi ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. Malam Jibril bai ma rubuta ba.

"Ku hau sama wajen Dakta Abdulbaƙi, shi ne shugaban musaya. Ni nawa dannawa ne. Amma ku sani, ƙarfe huɗu na yau sunaye za su rufe, mota kuma gobe za ta tashi."

Matakala goma sha takwas ta ƙirga da gwiwoyinta, kowace ɗaya da tsakinta. A bakin ƙofar ofishin ta tarar da Yasmin jingine da bango, sabon kati rataye a wuyanta da igiya shuɗiya. Yarinyar na ganin kakarta ta sa hannu ta rufe katin. Inna Murja ta wuce ta, ta tura ƙofa.

Sanyin na'urar ɗakin ya dake ta, tare da ƙanshin turaren da aka fesa don a danne warin tsohon kafet. Ga Dakta Abdulbaƙi a kujera mai juyawa. Ga kuma, a kujerar baƙi, hula a karkace, kwalbar lemo a hannu, ɗanta Saminu dillalin shanu.

"Inna! Me ya fito da ke da ranar nan? Ai da kin kira ni."

"Da na kira ka, a nan wayar za ta same ka."

Dakta Abdulbaƙi ya yi gyaran murya, ya gaishe ta da Hajiya, alhali ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ya yi bayani mai tsawo. Da, in ji shi, fayil ne ake tarawa, gara ta ci, ruwa ya jiƙa. Yanzu komai a na'ura yake, ɗalibi na nan Daura amma makarantar Damagaram tana ganin makinsa kafin ya sa takalmi. Ci gaba ne, kuma kowane ci gaba da 'yan kurakuransa.

"Makin wa suke gani?" ta tambaya.

"Makin Murjanatu Sha'aban."

"Na wacce?"

Ya ɗan juya kujera. "Da na'ura ta haɗe su, makin da ya fi yawa ta ɗauka."

"Ta ɗora a kan fuskar waccan."

"Hajiya, abin da muke tattaunawa da Alhaji ke nan. Ai abin bai fita waje ba. Gida ɗaya ne, jini ɗaya, tuwona maina. Kujerar ta Zango ce, sunan naki ne, ko wacce ta je ke ce kika je. Ita wannan baɗi sai a duba mata."

"Rabo ne, Inna," Saminu ya saka baki. "Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya ba da ko sisi. Allah ne ya juya abinsa. Wa zai ja da ikon Allah?"

Inna Murja ta tsaya tana kallonsa. Ta taɓa ɗaga ƙwaryar fura za ta kai baki ta ga ƙadangare a ciki, cikinsa a sama. Abin da ta ji ran nan shi ya taso mata yanzu har maƙogwaro. Wannan ƙaton mai tumbi ita ta goya shi. Da hannun nan ta ba shi nono.

"Tir," ta ce. "Tir da kai, Saminu. Yarinyar nan tana matsa mini mai, littafi jingine da turmi, tana ta gwalan-gwalan ɗinta na Faransanci har kaji suna tsayawa kallo. Taka tana ina? Tana gaban madubi. In saniyar maraya ta ɓata ta shiga garkenka, ashe kai cewa za ka yi Allah ya juya? A kasuwar Mai'adua ma ɓarawo ake ce wa mai yin haka. Nan don an sa sanyi da kafet sai ya zama rabo?"

"Inna, a gaban mutane..."

"A gaban mutanen ka zo ci, a gabansu za ka amayar."

Ta leƙa waje. "Ke, shigo."

Yasmin ta shigo tana jan ƙafa.

"In kin sauka a can, malaminsu ya yi miki yarensu, me za ki ce masa?"

Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi Ummi, sai hawaye. Ta cire igiyar daga wuya, ta ajiye katin a kan tebur kamar garwashi.

"Wallahi Inna ni ban so ba. Baba ne ya ce in yi shiru. Ni sau biyu ina faɗuwa Faransancin nan."

Saminu ya ajiye kwalbar lemo, ya shiga neman wani abu a aljihunsa da babu shi.

Inna Murja ta ɗauka magana ta ƙare. Mai abu ga ta, wadda aka ba bisa kuskure ta mayar, me ya rage? Sai Dakta Abdulbaƙi ya girgiza kai, ya ce ko an mayar da roba, yatsun da ke ciki na Yasmin ne. Su a nan ba su da ikon cire yatsa. Sai an rubuta wa kamfanin da ya kafa na'urar a Abuja, su kuma in sun yi sauri, mako uku.

"To ku rubuta da biro ku ba direba, ya kai wa mutanen can."

"An daina karɓar takarda, Hajiya."

"Ku kira su a waya."

"Su ma na'urarsu abin da tamu ta faɗa shi take ji."

"Wato ku duka, da digirinku da rawaninku, bayin akwati ne. Akwati ya yi ƙarya, kun san ƙarya ce, kun zauna kuna yi masa fifita."

Aka kira Malam Jibril ya hau. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce hanya ɗaya ce ta rage kafin ƙarfe huɗu. Ba zai iya fitar da Yasmin ba, amma zai iya buɗe wa Ummi sabon gurbi, ya kwashe makinta da kujerarta ya mayar can. Sai dai na'ura ba za ta karɓi suna iri ɗaya sau biyu ba. Dole a sauya mata suna, a kawo takardar rantsuwa daga kotu, kuma wanda ya raine ta shi zai rantse.

"Wacce za ta sauya?" Inna Murja ta tambaya, ko da yake ta ji.

"Wadda babu ita a ciki."

"Mai ɗaki ta koma bukka, baƙuwa ta miƙe ƙafa a gado. Wannan ce shari'arku?"

Ita kuwa ba sunan kawai take ji ba. Yaron nan, tsakaninta da shi ba hira, ba zama kusa, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Ranar sunan Ummi, da liman ya raɗa, aka aiko cikin gida aka ce Murjanatu, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada a ga fuskarta. Duk abin da bai iya faɗa mata ba a rayuwarsa, a sunan nan ya ƙunsa ya aiko. Na Saminu daga baya ya zo, don kada a ce yayansa ya fi shi.

"Ba za a taɓa ba," ta ce. "A rubuta Abujar. Zan zauna a ƙofar nan mako ukun."

"Shi ke nan, Inna," in ji Ummi. Tun da suka shigo sai yanzu ta ɗaga kai. "Mu tafi gida. Na haƙura da tafiyar. Tunkuzarki ma za ta lalace."

Ba kuka a muryarta, ba fushi. Irin muryar da take cewa ta ƙoshi ce in tuwo bai isa ba. Inna Murja ta daɗe tana kallon wushiryar nan, irin ta ubanta sak. Sannan ta ja mayafi ta gyara.

"Ina kotun take?"

Azahar ta gota lokacin da mai babur ya sauke su a kotun. Magatakardan, wani dattijo mai furfura a gemu, yana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Ya saurari Ummi, ya sa takarda a keken rubutu, ya dubi tsohuwar ta saman tabarau.

"Ke kika raine ta?"

"Tun tana rarrafe."

"Wane suna za a sa mata?"

"Ummi. Da shi kowa ya san ta."

"'Yar wa?"

Ummi ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Ba ke ba. Rantsuwar tata ce, daga bakinta zan ji."

"'Yar yayan Saminu ce," in ji Inna Murja.

"Takarda ba ta san yayan Saminu ba."

"Ɗana na fari ne, Malam. Kai ma uwa ce ta haife ka."

Dattijon ya daina taunar gyaɗa. "Na sani, Iya. Tawa ma har ta koma ga Allah ba ta kira yayanmu ba. Amma ba zan buga abin da mai rantsuwa bai faɗa ba. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce."

Ta dubi ƙasa. Simintin ya farfashe, tururuwa na jan ɓawon gyaɗa. Ta ji harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sunan yana nan inda ta ajiye shi shekara arba'in da wani abu, ko ƙura bai yi ba.

"Maliki," ta ce.

"Ɗaga murya kaɗan."

"Maliki! Ko kurma ne kai?"

Keken rubutu ya hau ƙara. Ummi ta juya baya tana goge ido da bakin hijabi.

"Tunda ana gyara," Inna Murja ta ce, "a gyara ranar haihuwar ma. Ranar kasuwa ce, ana yankan gero."

"A'a, a bar ɗaya ga Janairu. In aka taɓa ta, za ta saɓa da takardun jarrabawa, ki sake sabon yawo."

"Wato in rantse a kan gaskiya guda da ƙarya guda."

"Haka ake yi."

Ta yi tsaki mai tsawo, ta miƙa babban yatsa, ya danna shi a tawada ya dangwala.

Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta buga suka koma kwalejin. Saminu ya tafi, Yasmin na zaune ita kaɗai a ƙarƙashin darbejiya. Malam Jibril ya ɗauki hoton Ummi, ya ɗauki yatsunta goma ɗaya bayan ɗaya. Wani akwati a gefe ya yi gurnani, ya tofo kati da ɗuminsa. Suka bi shi har bakin ƙofa, Ummi ta kara, fitila ta yi kore, ƙarfen ya juya.

"Kin gani ko, Iya?" in ji Malam Jibril yana murmushi. "Na'ura ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta shi take bayarwa."

Inna Murja ta dube shi daga tabarau har takalmi. Yawun da ya taru mata ta juya ta tofar a kwata.

"Kawo in gani," ta ce wa Ummi.

Ta riƙe katin nesa da ido, ta matso da shi. Fuskar dai ta Ummi ce, baƙa, an hana ta murmushi. A ƙasa tururuwa uku a jere.

"Wanne ne nawa?"

"Babu naki, Inna."

"Na sani. Nasa fa?"

Ummi ta nuna na tsakiya. Tsohuwar ta ɗora babban yatsanta a kai, ta bar shi nan kamar mai jin zazzaɓi a goshin yaro. Da ta ɗaga, sai ga shuɗin tawada da maiƙon gyaɗa sun kwanta a kan rubutun.

"Ungo," ta ce, ta tura mata. "Goge shi da kyau, kada shegiyar ta sake cewa ba ke ba ce."